Gindin Tuffa Mai Jure Cuta

Tambaya: Malam, na ji ana aurar da tuffa a kan gindin da ke gajarta ta, mai jure cuta. Za ta yi a lambuna? Manomi daga Ringim.

Amsa: Malam, kamar auren mangwaro ake yi, sai dai wannan gindi masana ne suka tace shi. Gindin da ake kira M.9, wanda cibiyar East Malling ta Ingila ta fitar, yana gajarta bishiya ta haihu da wuri, amma cutar bakteriya mai ƙone rassa tana kashe shi, don haka Jami'ar Cornell ta Amurka ta yi barbarar wani gindin da tuffar daji ta samar da G.41, gindi mai gajarta bishiya kuma mai jure wannan cuta. Matsalarka dai zafi ne, domin tuffa sai ta sha sanyi mai tsawo take fure sosai. Jos ta fi Ringim dacewa da ita.