Kafin Ki Canza Majami'a

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce damuwar gidanki da kika kai wa Zumuntar Mata don a taya ki addu'a ta fita har kasuwa, kuma kin san bakin da ya fitar. Kina tambaya ko za ki iya komawa wata majami'a, da ko ya dace ki ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, da wannan ciwo a ranki.

An yi miki laifi, kada wani ya ce miki ba komai. Amma akwai hanyar da ake bi, tana Matiyu 18:15-17, kuma yawancin rigimar ikkilisiya daga tsallake matakin farko take tasowa. Ki je wurin matar ke kaɗai, a gidanta. Kada ki tare ta a ƙofar majami'a bayan sujada, idon jama'a zai sa ta kare kanta ko da ƙarya. Kada kuma ki rubuta a WhatsApp, rubutu ba ya ɗaukar murya, ga shi ana tura shi gaba. Abu ɗaya za ki faɗa: ga abin da na ce ranar kaza, ga inda na tsince shi, ga yadda ya yi mini. Ki bar na bara a bara. Da zarar kin ce "kullum haka kike", magana ta tashi daga laifin ta koma kan halinta, daga nan sai faɗa.

In ta ƙi ji, ki koma da mutum ɗaya ko biyu. Nan ma ana kuskure, mutane kan kwashi ƙawayensu, alhali shaidu ake nema. Ki ɗauki matar fasto, ko wata dattijuwa da ku duka kuke jin nauyinta. Sai wannan ya gagara ake kai wa fasto da dattawa. Horo, wato dakatar da mutum daga Jibi da riƙon muƙami na ɗan lokaci, su ke yanke shi, kuma don a dawo da mai laifi ake yi. Wanda ya je neman a kunyata wani, da takaici yake dawowa.

Gafara daban, amana daban. Ki gaishe ta, ki daina ba da labarin, ki je mata suna da ta'aziyya. Wannan ita ce gafara, kuma ba ta jiran sai an roƙa. Amma ba wanda ya ɗora miki sake ba ta asirinki. Nan gaba a taro ki ce "ina da damuwa a gida", ya isa.

Maganar Jibi, 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya auna kansa. In kin je wurinta da zuciya ɗaya, kin yi naki, ki ci ko da ita ta ƙi. In ba ki je ba, ki fara zuwa.

Canza majami'a ba zunubi ba ne. A Littafi Mai Tsarki, manzanni Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan abokin tafiyarsu Markus, daga baya kuma Bulus ya ce a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi. Koyarwar ƙarya, ko shugabannin da ke rufa wa mai cin zarafi asiri, dalili ne na tafiya. Tsegumi kuwa, za ki tarar da shi a can. In duk da haka kin yanke shawara, kada ki sulale. Ki sanar da fasto, ki karɓi takardar canji, ki miƙa duk wani littafi ko kuɗin ƙungiya da ke hannunki a gaban shaida.