Kunna Magudi a Minecraft Laifi Ne? Amsoshin Tambayoyinku na Wannan Mako

Saƙonnin da suka shigo wannan mako yawancinsu a kan wasa ɗaya suke, wato Minecraft, wasan haƙa da gine-gine da Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, wanda Microsoft ya saye kamfaninsa Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5. Zuwa 2023 an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 300, don haka ba abin mamaki ba ne ya iso wayoyin samarin Jos. Na zaɓo guda biyar daga cikin tambayoyin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Angwan Rogo. Mun yi musu da abokina. Ni wata uku ina tara katako da duwatsu ina gina gidana a Survival, yanayin da sai ka nemo komai da kanka, shi kuwa ya kunna Cheats ya gina wanda ya fi nawa cikin yini ɗaya. Na ce masa magudi ya yi, ya ce ai maɓallin yana cikin wasan. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. A kan maganar maɓalli, abokinka ya fi ka gaskiya. Masu wasan ne da kansu suka saka yanayin Creative, inda ake ba ka kowane irin bulo ba adadi, kana tashi sama, babu yunwa babu mutuwa. Su ne kuma suka saka umarnin da ake rubutawa a akwatin hira idan an kunna Cheats, irin su /give da ke miƙo maka duk abin da ka nema, da /tp da ke kai ka ko'ina nan take, da /time set day da ke mayar da dare rana. Wanda ya yi amfani da waɗannan a duniyarsa shi kaɗai bai karya dokar kowa ba, bai kuma cuci kowa ba.

Inda kai ma kake da gaskiya shi ne wajen gwada gidajen biyu. Ba aiki ɗaya kuka yi ba. Shi zane ya yi, kai kuwa rayuwa ka yi a wurin. Kowane bulo na gidanka ka san inda ka samo shi: ka sare itace da hannu, ka ƙera digar katako, ka sauya ta da ta dutse, ka sami ƙarfe ka narka, dare ya riske ka a waje, dodon nan mai fashewa, Creeper, ya fashe maka bango ka sake ginawa. Idan ya nuna wa mutane gidansa ya ce a Creative ya gina, magana ta ƙare, a yaba masa iya tsara gini. Idan kuwa ya ce a Survival ya tara kayan, to a nan ya yi ƙarya, kuma ƙaryar ce laifin.

Ra'ayina, tunda ka tambaya, shi ne duk wanda ya fara wasan nan ya daure ya buga Survival tsantsa har ya kai ga kashe dodon ƙarshe, Ender Dragon, ko da sau ɗaya ne. Dalilina daga yadda aka tsara wasan yake. Komai a Survival an jera shi ne bisa buƙata: kana son daimon, sai ka sami digar ƙarfe, domin ta dutse ba ta cire shi. Kana son shiga Nether, duniyar wuta ta cikin wasan, sai ka haɗa ƙofa da baƙin dutsen obsidian. Kana son gano inda dodon yake, sai ka yi faɗa da Blaze, dodon wuta na Nether, ka samo sandunansa. Ran da ka rubuta /give ka ba kanka sulken daimon a minti na farko, ka tsinke wannan jeren gaba ɗaya, kuma abin da na sha gani shi ne mutum ya gaji da duniyar cikin kwana kaɗan, domin babu sauran abin da zai fita nema. Abin yana ba ni takaici idan na ga yaro ya ce wasan ba daɗi alhali shi ne ya cire daɗin da hannunsa. Ku riƙe duniya biyu: ɗaya ta Creative don gwada tsarin gini, ɗaya ta Survival da ba a taɓa mata maɓallin ba.

TAMBAYA: Na kunna Cheats sau ɗaya a wayata don in gyara wani abu, na kashe. Yanzu wasan ya ce ba zan ƙara samun Achievements, wato lambobin yabo, a duniyar ba. Yaya zan dawo da su? (Daga Farin Gada)

AMSA: Ɗan'uwa, ta hanyar da wasan ya tanada ba sa dawowa. Na waya shi ne nau'in Bedrock, kuma a cikinsa da zarar an buɗe duniya da Cheats ko aka shigar da ita Creative, an rufe mata lambobin yabon nan har abada, ko da ka kashe daga baya. A nau'in Java na kwamfuta ba haka abin yake ba, can ci gaban da kake samu ba ya tsayawa. Za ka ga bidiyoyin masu gyara fayil ɗin level.dat don su goge alamar. Ban ba ka shawarar hakan ba, domin kuskure kaɗan a wannan fayil yana hana duniyar buɗewa. Abin da ka riga ka samu yana nan a asusunka na Microsoft, bai ɓace ba. Sauran sai ka neme su a sabuwar duniya. Nan gaba idan kana son gwaji, kwafi duniyar tukuna, ka yi gwajin a kan kwafin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu takwas ne muke wasa a saba ɗaya, wato duniya ɗaya da muke shiga tare ta intanet, 'yan unguwarmu a Gangare. Ɗayanmu kullum sai ya dawo da daimon cike da akwati, mu kuwa sai mu yini ba mu ga ko ɗaya ba. Muna zargin yana amfani da X-ray. Ta yaya za mu gane, kuma me za mu yi masa?

AMSA: Barka dai. Wannan tambayar ta sha bamban da ta farko, kuma a nan ba na sassautawa. Idan kana buga ƙwallo kai kaɗai a tsakar gidanku, ɗauke ta da hannu ka jefa raga, ba ruwan kowa. Ran da aka raba ku gida biyu a fili, hannun nan ya zama cuta. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar sabarku na ku takwas ne, kuma ba sa sake tsirowa a inda aka haƙe. Wanda ya ga ta cikin dutse ya kwashe, rabon sauran ya ɗauka.

X-ray wani ƙari ne ko kunshin zane da ke sa duwatsu da ƙasa su zama kamar gilashi, sai ma'adinai kaɗai su bayyana. Amma kafin ku tuhume shi, ku fara duba ko dai ya fi ku sanin wurin haƙa ne. Tun fitowar sabuntawar wasan ta 1.18 a ƙarshen 2021 aka ƙara wa duniya zurfi har zuwa Y -64 (Y ita ce lambar da ke nuna tsawo ko zurfin inda kake), kuma daimon ya fi yawa can ƙasa, wajen Y -58 zuwa -59. Masu bin tsohon ilimi suna haƙa a Y 11 ko 12 suna ta shan wahala. Ku kunna Show Coordinates, wannan ba ya cikin magudi kuma ba ya taɓa lambobin yabo. Ku sauka can, ku haƙa doguwar hanya miƙaƙƙiya, ku fitar da rassa gefe da gefe kuna barin bulo biyu a tsakani, ku riƙe bokitin ruwa saboda narkakken dutse. Idan kuma digarsa tana da sihirin Fortune III, dutse ɗaya yana iya ba shi daimon har huɗu. Mai wannan ilimin zai fi ku nesa ba tare da ya yi coge ba.

Hanyar ganewa ita ce ku bi ramukansa. Ku 'yan Jos kun san aikin haƙar kuza, mai nema yana bin jijiya ne, yana dacewa yana rasawa. Ramin mai gaskiya dogo ne, cike da wuraren da bai sami komai ba. Ramin mai X-ray kuwa yana karkata ba dalili, ya yi dama, ya nutsa ƙasa, ya faɗa daidai kan daimon, ya sake karkata ya faɗa kan wani. Idan sabarku ta Java ce mai aiki da manhajar Paper, tana da tsarin hana X-ray da ake kunnawa a saitinta, wanda ke ɓoye ma'adinai ko ya nuna na bogi. Akwai kuma CoreProtect da ke rubuta wanda ya fasa kowane bulo da lokacin da ya fasa.

Ko manyan 'yan wasa ba su tsira daga irin wannan bincike ba. A ƙarshen 2020 masu kula da gasar kammala wasan cikin sauri sun soke sakamakon fitaccen ɗan YouTube ɗin nan Dream, bayan lissafi ya nuna sa'ar da yake samu ta wuce hankali, kuma a 2021 ya amsa cewa akwai wani ƙari da ke kunne a wasansa, ko da yake ya ce bai sani ba.

Abin da za ku yi masa kuwa, ku tuna ɗan unguwarku ne, gobe za ku haɗu a masallaci. Mutum ɗaya ya same shi a keɓe ya nuna masa abin da aka gani. Idan ya amsa, ya zuba kayan a akwatin kowa da kowa, a wuce wurin. Sannan ku rubuta dokokinku a allo a wurin da kowa ke fara sauka, domin sau da yawa ba a taɓa faɗa wa mutum cewa an hana ba. Wanda ya maimaita bayan haka, mai saba ya cire shi.

TAMBAYA: Ni uwa ce daga Rikkos. Ɗana ɗan shekara goma sha ɗaya ya sa wani wasan gini a wayata, ya ce kyauta ne kuma komai a buɗe yake. Tun daga ranar tallace-tallace ke fitowa ko ba na komai, data tana ƙarewa, wayar tana zafi. Da wayar nake harkar banki.

AMSA: Hajiya, wannan ce tambayar da ta fi damuna a cikin duka, kuma ina roƙon ki yi abin da zan faɗa yau ɗin nan. Minecraft na gaskiya sayensa ake yi a Play Store, kuma sunan Mojang ne a ƙarƙashinsa. Wanda yaron ya sa shi ne abin da suke kira Mod APK, wato wani ya ɗauki manhajar ya farke ta ya cusa abin da ya ga dama, ya saka a intanet. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba da shi kyauta yana cin ribarsa ta tallan da kike gani, wani lokaci kuma ta abin da ya fi talla muni, kamar karanta saƙonnin waya, inda lambobin sirrin banki suke shigowa.

Ki shiga Settings, ki buɗe jerin manhajoji, ki cire wasan da duk wata manhaja da ba ki san ta ba, har da wadda ba ta da suna ko hoto. Ki duba sashen Accessibility da na Device admin, ki kashe izinin duk abin da ba ki gane ba. Ki buɗe Play Store ki sa Play Protect ya bincika wayar. Ki kashe izinin saka manhaja daga waje. Bayan haka ki canza lambar sirrin manhajar banki da ta imel, ki kuma duba bayanan asusunki na kwanakin nan. Idan tallan bai tsaya ba, a kwashe hotuna da lambobi a mayar da wayar sabuwa fil.

Kada ki yi wa yaron faɗa mai yawa, wasan kansa mai kyau ne, har akwai nau'insa da ake koyarwa da shi a makarantu. Idan saye bai samu ba yanzu, akwai Luanti, wanda a da ake kira Minetest. Kyauta ne na halal, yana Play Store, kuma ba ya nauyi a ƙaramar waya. Masu kwamfuta ma su kula: a watan Yunin 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Fractureiser a cikin wasu ƙare-ƙaren Minecraft a shafin CurseForge, tana satar kalmomin sirri. Idan hakan ya faru a sanannen wuri, ina ga shafin da ba a san mai shi ba.

TAMBAYA: Ina karatun zanen gine-gine. Na je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos na ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, ina son in gina irinsu a wasan. Amfani da manhajojin gyaran gini irin su WorldEdit ko Amulet magudi ne?

AMSA: Ko kaɗan, kuma na ji daɗin wannan niyya ƙwarai. Ganuwa mai tsawon bulo dubu ba abin da za ka jera ɗaya bayan ɗaya ba ne. A WorldEdit, gatarin katako ne ma'auninka: ka taɓa kusurwa ɗaya, ka taɓa ɗayar, ka rubuta //set da sunan bulon, wurin ya cika. Da //copy da //paste za ka maimaita ginshiƙi ko baka sau nawa kake so, //undo kuma ya mayar da kai baya idan ka yi kuskure. Wannan na Java ne. Amulet kuwa a wajen wasan yake aiki, yana buɗe duniyar Java da ta Bedrock, yana kuma iya ɗauke gini daga wata duniya zuwa wata. Tsohon MCEdit da za ka gani a tsofaffin bidiyoyi an daina sabunta shi, kada ka buɗe sabuwar duniya da shi.

Don launin jar ƙasa, gwada terracotta da bulon laka, wato mud bricks da packed mud da aka ƙaro a 1.19, su ne suka fi kama da ginin tubali. Zankwayen saman gini kuma za su fito da matakala da rabin bulo.

Kafin ka buɗe kowane edita, rufe wasan gaba ɗaya, sannan ka ajiye kwafin duniyar. A Windows tana cikin foldar saves da ke cikin .minecraft, ka kwafe ta zuwa filasha ko wani wuri dabam. Idan da kwamfutar tebur kake aiki ba tare da UPS ba, kada ka fara adana babban gyara sai ka tabbatar da wutar, domin ɗaukewarta a tsakiyar adanawa tana iya lalata yankin da ake rubutawa. Ka kuma riƙa cika wuri kaɗan-kaɗan, umarni ɗaya mai taɓa miliyoyin bulo yana iya daskarar da kwamfuta mai ƙaramin RAM. Idan ka gama masallacin, turo mana hotunansa, ka rubuta a ƙasa kayan aikin da ka yi amfani da su.