Amsar tambayar saba uku a kan layi ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya yi tambaya da safe, yi haƙuri, sai yanzu na samu zama. Ka ce kuna da saba uku (kwamfutocin da ke ɗauke da shafinku) a ɗaki ɗaya, suwic ɗaya (akwatin da ke haɗa su), layin intanet ɗaya, ranar da aka buɗe rajistar ɗalibai ɗaya ta cika har ta tsaya, biyun suna zaune ba aikin komai. Kana neman yadda za a raba musu aikin.

To kafin ka taɓa komai, ka fara tabbatar da cewa sabar ce ta gaza ba layin ba. Wannan shi ne wurin da mutane suke asarar kuɗi. Idan layinku megabit 100 ne, ka raba shi gida takwas, tunda megabit takwas ne megabait ɗaya, abin da zai wuce a daƙiƙa bai fi megabait 12 da rabi ba. Shafi ɗaya da hoton fasfo da kayan adonsa ya kai megabait 2, ka ga mutum shida ke nan a daƙiƙa. Bututu ɗaya ne, ko bokiti goma ka jera a bakinsa ruwan ba zai ƙaru ba. Saboda haka lokacin cunkoson ka buɗe manhajar iftop ka ga abin da layin yake ɗauka, ka buɗe manhajar htop ka ga halin sabar. In layin ne ya cika, ku rage girman hotunan ko ku ƙara layi, shi ke nan.

In kuwa sabar ce, na ji wani a nan ya ce a saka adireshin IP na sabobin uku a DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin saba, su riƙa juyawa. Yana aiki, amma ni ban so shi ba. DNS bai san wadda ta mutu ba, zai ci gaba da tura mata mutane, kuma wayoyi suna riƙe tsohon adireshin sai wa'adinsa ya ƙare.

Abin da zan ba ka shawara, ka sa HAProxy, manhajar raba wa sabobi aiki, a gabansu. Kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta ma ta ishe shi. Kowa shi zai fara tararwa, shi kuma ya miƙa wa ɗaya daga sabobin da ke bayansa. A saitinsa ka rubuta balance leastconn, wato duk wadda take da ƙarancin mutane a lokacin ita za a bai wa. Ya fi roundrobin, wato rabon bi-da-bi, a wajenku, don wani minti ɗaya zai yi ya fita, wani zai zauna yana loda takardu. In ɗaya ta fi sauran ƙarfi ka ƙara mata weight, wato kasonta na aikin. Sannan kalmar check ɗin nan, don Allah kar ka manta da ita a inda ka rubuta kowace saba cikin saitin. Da ita yake leƙa su duk daƙiƙa 2, wadda ta kasa amsawa sau 3 a jere ya cire ta, ta amsa sau 2 ya mayar da ita.

Yanzu ga inda za ka sha wahala. Ɗalibi ya shiga ta saba ta ɗaya, ya danna gaba aka jefa shi ta biyu, ita ba ta san shi ba, ta ce ya sake shiga. Wasu sai su ce a yi balance source, a manna kowane IP da saba guda. A nan ƙasar kar ka yi. Yawancin masu shigowa da datar waya suke, kuma kamfanonin waya suna fitar da mutane masu yawa ta adireshi ɗaya, sai ka ga duk sun sake taruwa a wuri guda, an koma gidan jiya. Ka yi amfani da kuki, wato ƴar alamar da ake ajiyewa a burauzar mutum don a gane sabarsa, ko mafi kyau ka ajiye bayanan shigar a manhajar adana bayanai ta Redis inda duka ukun za su gani. Hotunan da ake lodawa ma haka, wuri ɗaya za su zauna.

Shi kansa HAProxy in ya faɗi komai ya faɗi, to ka yi guda biyu ka haɗa su da manhajar keepalived, adireshi ɗaya suna karɓa-karɓa, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya karɓa. Amma fa in duk a soket ɗaya suke, aka ɗauke wuta, inbata ta ƙi ɗauka, ka san sauran.

Sai kuma in Windows kuke yi kuka kunna NLB ɗinsa, wato nasa tsarin raba aiki, a yanayin da ake kira unicast. Duk sabobin za su ɗauki adireshin MAC ɗaya, wato lambar da suwic ke gane kowace na'ura da ita, suwic ya rasa wace ƙofa zai bi, sai ya watsa saƙon ta kowace ƙofa, har kwamfutar akawu ta fara nauyi ba a san dalili ba. Ka ware musu VLAN nasu daban, wato sashe nasu su kaɗai a cikin suwic ɗin.

Ka turo hoton iftop ɗin na lokacin cunkoso da girman RAM na kowacce, in na gani bayan isha'i sai in rubuto maka saitin.