Ba batirin ne mai ƙarfi ba, kalkuletar ce ba ta da ci

Ɗana, jiya bayan dattijon nan na ma'aikatar safiyo ya karɓi kalkuletarsa ya tafi, ka ce da ni: "Oga, da gaske ne tun 1986 da ya saye ta sau uku kacal ya sauya mata batir? Ko dai batirin da ya fi na yanzu ƙarfi ne?" Lokacin shago a cike yake, na ce ka bari sai mun natsu. To, zauna ka ji.

Dattijon bai yi ƙari ba. Abin da ya kawo HP-15C ce, ta kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1989. Ƙananan batura uku take ci, masu kama da maɓallin riga, LR44 ko SR44, irin waɗanda ke cikin kwalbar can a kan kanta. Babu wani sirri a cikinsu. Abin da kowanne yake ɗauke da shi bai wuce miliam 150 ko kusa da haka ba, wato idan ana jan wuta miliam ɗaya daga gare shi, awa 150 zai yi. Batirin wayarka yana ɗaukar 5,000, amma kafin magariba kana neman caja. Ka ga ashe ba girman randa ba ne, yawan masu ɗiba ne.

Sai dai kada ka ɗauka duk tsohuwar kalkuleta haka take. Na farkon ma su ne mayunwata. A 1972 aka fito da HP-35, kalkuletar kimiyya ta farko da ke shiga aljihu, ana sayar da ita dala 395. Lambobinta jajaye ne masu haske, irin fitilun da muke kira LED. Wutar da take sha ta kai rabin wat, kuma batirinta na caji, NiCd guda uku a haɗe, awa uku yake yi sai a koma wurin soket. TI-30 da Texas Instruments ya fitar a 1976 ta yi araha ƙwarai, kusan dala 25, amma ita ma jan lamba ce, tana lamushe batir mai bolt 9 cikin ɗan lokaci. Casio na Japan a waɗancan shekarun sun fi amfani da fuska mai koren haske, wadda a zahiri ƙaramin bututun gilashi ne da siririyar waya a ciki da sai ta yi zafi kafin lamba ta fito. Duk abin da ke samar da haskensa da kansa, fitila ce, kuma fitila sai da mai.

Abu biyu ne suka sauya lamarin. Na farko fuskar LCD, mai baƙaƙen lambobi a kan toka-toka. Ita ba ta haskaka komai, hasken ɗaki take aro. Aikinta kamar na taga ne: ta rufe hanyar haske a wani wuri sai wurin ya yi baƙi, lamba ta bayyana. Shi ya sa idan aka ɗauke wuta da dare ba ka ganin komai a kanta. Sharp ya fito da EL-805 a 1973, ƙaramar kalkuleta mai LCD, batirin AA guda ɗaya yana kai ta awa 100. Kwatanta da awa ukun can.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi nake so ya zauna maka a kai: irin IC ɗin da ke ciki, wato ɗan guntun da ke yin lissafin, wanda ake kira CMOS. Ka ɗauki zaure mai ƙofa biyu, ta waje da ta ciki. Idan kullum ɗaya a rufe take, iska ba ta ratsawa, sai a daidai ƙiftawar da ake buɗe wannan ana rufe waccan. Haka transisto ɗin CMOS suke, bibbiyu ne, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Wuta ba ta wucewa sai lokacin da suke sauya matsayi, wato lokacin da ake lissafi. Kalkuleta kuwa yawancin rayuwarta jira take yi. Ka danna maɓalli, ta farka, ta yi aiki, ta koma barci. Idan ka manta da ita a kunne, bayan 'yan mintuna ta kashe kanta.

Ɗauki biro mu lissafa. A ce a kashe tana jan maikiro'am ɗaya don riƙe abin da ka ajiye mata, wato kashi ɗaya cikin dubu na miliam. Batir mai miliam 150 zai yi awa 150,000. Raba da awa 8,760 da ke cikin shekara, ka sami shekara 17. A irin wannan hali batirin tsufa ne ke kashe shi, kalkuletar ba ta gama cinye shi ba. Juya Casio ɗin ɗaliban nan ka karanta bayanta, a kan da yawa daga cikinsu za ka ga an rubuta 0.0002W. Raba rabin wat ɗin HP-35 da wannan, sau 2,500 ke nan.

Game da ƙarkon jiki kuwa, ka riƙe ta dattijon a hannunka, ka ji yadda maɓallanta ke cewa ƙas-ƙas har yanzu. Lambobin da ke saman maɓallan ba fenti ba ne. Roba kala biyu aka zuba, farar ta ratsa cikin baƙar, don haka ko yatsa ya side saman shekara arba'in lambar tana nan. Ba fanka a ciki, ba mota, ba abin da ke zafi. Abin da ba ya zafi kuma ba ya juyawa yana daɗewa, wannan ka gani a rediyo ma. Amma zan faɗa maka gaskiya guda: waɗanda suke iso mana yau su ne waɗanda suka tsira. Masu arahar zamaninsu da yawa sun daɗe a juji. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in tun farko zuma ce.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi teburinka. A shekarun da na yi a wannan sana'a, kalkuletar da aiki ya kashe ba ta da yawa. Batirin da aka manta a ciki shi ne babban makashinta. Wani malamin lissafi ya taɓa kawo mini tasa, ya ce shekara uku tana cikin durowa. Da na zame murfin baya, farin gari ya cika ramin batir kamar an barbaɗa kanwa, sifirin ɗin da ke danne batir ya koma kore, ina taɓa shi da sukudireba ya ɓalle. Ruwan ya bi jar wayar nan ta cikin rigarta har ya isa fanel, allon da aka jera kayan wutarta a kai, ya ci layuka biyu. Kwana biyu na yi ina ɗinke su da siririyar waya. Ya ce da ita ya yi karatunsa duka, shi ya sa ban yarda na ce masa ta mutu ba.

Kafin ka wanke irin wannan, duba wane batir ne ya zubar. Idan alkalin ne ko NiCd, ruwansa ɗan'uwan sodar sabulu ne, abu mai tsami ke kashe kaifinsa. Ɗiga ruwan lemon tsami ko khal a auduga ka shafa, za ka ga yana 'yar kumfa. Idan ya daina, goge da sifirit da tsohon burushin haƙori, ka bar shi ya bushe sarai. Idan kuwa batirin tocila ne mai araha, shi nasa ruwan mai tsami ne, sodar gashin kek (baking soda) a ɗan ruwa ce maganinsa. Kada ka taɓa garin da yatsa sannan ka kai ido. Kuma ga mai son kalkuletarsa, ka ba shi shawarar SR44 maimakon LR44. Ya fi tsada, amma ƙarfinsa na bolt 1.55 yana tsayawa daram har kusan ƙarshe, kuma bai cika zuba ba.

Bayan wanki sai awo. Juya mitarka kan maikiro'am, ka sa ta tsakanin batir da ƙarfen da yake taɓawa, kalkuletar tana kashe. In ka ga 'yan ƙalilan, lafiya lau. In ka ga ɗaruruwa, akwai inda wuta ke yoyo, ko ragowar dattin batir a kan fanel ko kafasito da ya gaji. Mai cewa sabon batir ba ya yi masa wata guda, nan matsalarsa take. Amma ka tambayi mai ita tukuna ko ya ajiye wani tsarin lissafi a ciki. Irin ta dattijon, in aka cire batir tana kashe, tana riƙe abin ajiyarta na ɗan lokaci kaɗan ne, shi ya sa ka ga na jera sababbin a gefe kafin na fitar da tsofaffin.

Idan wata rana aka kawo maka mai jan lamba, kada ka yi gaggawar cusa mata caja don ka ga ko tana kamawa. A wasu, kamar HP-21 da HP-25 na 1975, batirin ne ke danne ƙarfin wutar caja. In ya mutu ko bai taɓa ƙarfensa sosai ba, wutar ta haura ta ƙone IC, kuma ba inda za ka je ka sayo irinsa sabo. Fara gyara batir, ko ka ba ta wuta daidai ƙa'ida daga na'urarmu ta tebur.

Yanayinmu ma yana da nasa. A hunturu, da ka ja rigarka ka ji tana tas-tas, wannan tartsatsin ya isa ya kashe CMOS. Taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa fanel. Ƙura tana shiga ƙarƙashin robar maɓallan Casio da Sharp, ta rufe baƙin ɗigon da ke haɗa layi, sifirit kaɗan ya wadatar, kada ka kankare. Wadda aka bari a gaban mota a zafin Afirilu, fuskarta kan yi baƙin tabo, wannan ba ya gyaruwa. Idan lamba tana fitowa guntu-guntu, takwas ta zama kamar uku, yawanci siririn kirtanin da ya haɗa fuska da fanel ne ya saki. Ɗora takarda a kai, ka bi shi a hankali da ƙarfen narka dalma mai ɗumi kaɗan. In ya yi zafi sosai ka gama da ita. Ita kuwa irin ta dattijon, fanel ɗinta da ƙusoshin roba aka ɗaure shi aka narka kawunansu, kada ka yanke su sai babu makawa.

Ɗalibai masu shirin WAEC za su riƙa zuwa maka da Casio fx-991, suna rantsuwa ba ta da batir tunda ga gilashin sola. Tana da shi, LR44 guda ɗaya. Rufe gilashin da babban yatsa a gabansu, in lambar ta dushe, batir ne. In kuma ka buɗe ka tarar gilashin ba waya ko ɗaya a jikinsa, jabu aka sayar wa yaron, ka gaya masa cikin mutunci.

Akwai guda uku a durowar ƙasa da masu su ba su dawo ba tukuna. Gobe da safe ka fito da su, ka cire musu batir, ka auna abin da kowacce ke ja a kashe da kuma a kunne, ka rubuta a littafin shago. Ka kawo mini in gani kafin ka kwance ko da noti ɗaya.