Amsa ga mai neman katakon sabon wuyan jitar bes

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka: wuyan bes ɗinka, wato jitar nan mai kaurin sauti, ya murɗe, kana son a yi maka sabo, kuma kana waswasi tsakanin katakon mafal da ake kawowa daga waje da maɗacinmu na gida, wanne ya fi daɗin sauti.

Ka ajiye maganar sauti tukuna. Na kwana biyu ina kaɗa bes a garin nan na Katsina, daga wajen biki har situdiyo, ban taɓa ganin wanda ya tsaya a filin rawa ya ce "wannan wuyan mafal ne" ba. Tsirkiya da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) da yatsunka sun fi katakon wuya tasiri nesa ba kusa ba. Abin da zai hana ka barci shi ne ko katakon ya bushe, ko kuma zai jure iskar garin nan. Tsirkiya huɗu suna jan wuyan da nauyin da ya kusa kilo 80, dare da rana, a kan tsawon inci 34.

Ni na sha wannan wahalar. Wata shekara cikin Agusta, ruwa na zuba, na je wajen 'yan katako na zaɓi maɗaci ja wur, mai sayarwa ya rantse ya bushe. Kafintan da ya yi aikin gwani ne, ba ni da ta cewa a kansa. Wata uku jita tana lafiya lau. Da hunturu ya kankama sai katako ya tsuke, bakin ƙarafan firet, waɗanda aka jera a kan wuyan ake danna tsirkiya a kansu, suka leƙo ta gefe kamar haƙoran zarto, har ɗaya ya yanke ni a ɗan'ali ana tsakiyar wasa. Kafin Fabrairu wuyan ya murɗe, ɓangaren babbar tsirkiya ya tashi, na ƙaramar ya kwanta. Ƙarfen nan na cikin wuya da ake ja da sifana lanƙwasa gaba ko baya kawai yake gyarawa, murɗewa ba ruwansa. Yanzu haka wuyan yana bayan ƙyaure, yara na wasan bindiga da shi.

To mafal fa? Tun 1951 da kamfanin Fender ya fito da jitar bes mai suna Precision Bass, da mafal suke wuya, don yana da tauri kuma jijiyarsa miƙaƙƙiya ce. In ka samu wuyan mafal da aka riga aka haɗa, ko da na hannu ne daga Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, wallahi shi zan ce ka saya. Akwai ma wanda ake gasawa a tanda har ya yi ruwan ƙasa, ya fi jure sauyin damina da rani, sai dai kuɗi.

Maɗaci ba laifinsa ba ne, danginsa na kurmi ana yin jita da su a duniya. Matsalarsa jijiyarsa kan sarƙe, ga shi ba a barinsa ya bushe. In dole sai shi, ka duba bakin katakon inda zarto ya yanke: layukan su kasance a tsaye, ba a kwance ko a karkace ba. Ka ajiye shi a ɗaki, ba a rana ba, ya ga hunturu ɗaya da damina ɗaya. Masu wannan sana'a suna son danshin ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin 100. In babu na'urar aunawa, ka riƙa ɗora shi a sikeli duk wata har nauyin ya daina raguwa. Sannan kafinta ya tsaga shi uku, ya juya na tsakiya, ya manne da gam. Kowanne ya so tafiya, ɗan'uwansa ya riƙe shi.

Katakon wenge na Kamaru da Kwango, wanda kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna da shi, yana da ƙarfi amma nauyi gare shi. Kirya kuwa a bar wa turmi, in ka sa ta, kan jitar zai riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagunka ya zama ɗan dako. Katakon obeche ya yi taushi. Maɗobiya tana kyau a fuskar wuyan inda ake danna tsirkiya, amma tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya ta taƙaita cinikinsu saboda yadda aka yi ta sare ta.

Kafin ka ba kowa sisi, kwance wuyan ka auna gurbin da yake zama a jikin jitar. Na Fender faɗinsa inci biyu da rabi ne, amma na kwaikwayo kowa da nasa, kuma in tazarar gada (ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar) zuwa firet na 12 ba ta zo daidai da rabin tsawon tsirkiya ba, ko ka kwana kana saiti sauti ba zai zauna ba. Turo mana hoton gurbin da awonsa, da yawan firet ɗin tsohon.