Zuwa ga 'yata da ta tambaya ko girkinta ya saɓa al'ada

Assalamu alaikum, 'yata. Ya gida, ya maigidan naki, ya baƙunta? Saƙonki ya iso tun ranar Laraba, na ƙi ba ki amsa a tsaye ne don na ji muryarki a raunane. Kin ce surukarki ta zo muku kwana goma, kin zage kina ta yi mata hidima: ranar farko shinkafar Larabawa da kaza, kashegari taliya da miyar nama, ranar ta uku sakwara da agushi, ga sambusa da la'asar. A dare na huɗu ta dubi kwanon ta ce, "Gidan nan ba a tuwo ne?" Tun daga nan kika kasa sukuni, kike tambayata ko kin saɓa al'ada, ko kuwa ya kamata ki watsar da duk abin da kika koya ki koma tuwo da miya kaɗai.

Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi abin kunya ba. Amma maganar Hajiya ma ba ta faɗi ƙasa ba, zan zo kanta.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, kuma abin da yara suka fi yi mini gardama a kai shi ne in na ce musu masara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. To baƙuwa ce. Ita da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da gwanda duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su taka ƙasar Afirka ba sai bayan shekarar 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawo. Har dankalin da muke kira dankalin Hausa, don mu bambanta shi da na Turawa da ake nomawa a Jos, shi ma can ne asalinsa. Ki tuna dalar gyaɗa ta Kano, ki tuna ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa, duk a kan baƙuwar tsiro aka gina su. Kakannin kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji, ba su san attarugu ba. Abin da yake namu tun fil azal shi ne gero da dawa da acca da wake, sai kuka da kuɓewa da yakuwa da kalwar da ake daddawa da ita. Ni da idona na ga lokacin da masara abar gasawa ce da damina, 'yar kaɗan a bayan gida. Sai da takin zamani ya wadata a wajejen Funtuwa da Zariya, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, sannan tuwon masara ya ture na dawa a gidaje da yawa. Tsofaffin lokacin sun yi ta ƙorafi cewa ba ya riƙe ciki. Yau wa zai ce miki tuwon masara ba abincin Hausa ba ne?

Ki saurari sunayen kayan girkinki ma, za su gaya miki hanyar da suka biyo. Alkama, albasa, kanumfari, alkubus, alkaki, dashishi, duk Larabci ne harshenmu ya lanƙwasa. Fataken Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Dandalin Turawa cikin birnin Kano ba haja kaɗai suka sauke daga raƙuma ba, har da girkinsu. Gurasar da ake mannawa a jikin tanderu a Jakara, wadda Bakano ke alfahari da ita in an yi mata bandashe da ƙuli da albasa, daga hannun Larabawa ta shigo. Burabusko da sinasir kuwa Barno muka gode wa. Ko fura da nono, ai aure ne: gero namu, nono na Fulani. Taliyar da kika dafa mata fa? Ina 'yar shekara goma muke zama mu murza ta da hannu, mu shanya a kan igiya, a dafa a ci da manja da yaji. Yanzu sunanta taliyar Hausa, don a raba ta da ta leda.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gara. Ba abin da muka ɗauka al'ada tsantsa kamar garar da aka kai miki bayan biki, ni na tsaya a kan taki. Me muka jera? Alkaki da dubulan na alkama, cincin da muka koya daga mutanen kudu, buhun shinkafa, katan-katan na taliya da makaroni, jarkar manja wadda kwakwarta ba ta fita a ƙasarmu. Nakiya da man shanu ne kawai za su ce su 'yan gida ne. Dangin mijinki suka karɓa, suka raba wa 'yan uwa, ba wanda ya ce an kawo musu abin baƙi.

Ni kaina kashi ɗaya cikin uku na girkina a barikin 'yan reluwe na koye shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 mutanen kudu suke tahowa da garin kwaki da manja da doya, amma ni sai da aka kai kawunki aiki Kafanchan na zauna da su ƙofa da ƙofa. Maƙwabciyata Bayarabiya ce, ita ta nuna mini yadda ake tuƙa amala ba gudaji da yadda ake naɗe alala a ganye, ni kuma na koya mata miyar taushe da ɗanwake. Ba mu jin yaren juna sosai, da muciya muka yi zumunci. Kuma ba mu kaɗai ke karɓa ba. Wanda ya je Gana zai tarar suna cin shinkafa da wakenmu har sunan bai canza ba sai ɗan lafazi, suna kiran tuwo "tuwon zafi", ga ƙosai da koko da safe a unguwannin zango. A Kamaru suya suke ci, a Sudan agashe, duk daga hannun mahautanmu. In mutanen can ba su ji kunyar ɗaukar namu ba, don me za ki ji kunyar shinkafar da alhazai suka ɗanɗana a Makka suka dawo suna marmari?

Addini ma bai ɗaure ki ba. Iyakarsa halal da haram, sai hana almubazzaranci. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa gasasshen dabbu, wani ɗan uwan damo da ke rayuwa a hamada, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai so ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ki riƙe wannan hadisin da hannu biyu, domin ya wanke ki, ya kuma wanke Hajiya. Ke ba ki dafa haram ba. Ita kuma ranta bai saba ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi abin da ya saba.

To yanzu ga inda nake ganin kin yi kuskure, kuma kuskuren ƙauna ne. Kin dafa mata abin da zai nuna ƙwarewarki, ba ki dafa abin da cikinta ya sani ba. Matar da ta haura sittin, wadda tun tana goye ake ba ta loma da miyar kuka bayan magariba, in ta kwana uku ba tuwo ji take kamar ba ta ci abinci ba, ko da an yanka mata rago. Haƙoranta ba na da ba ne, cikinta ba ya ɗaukar maiƙo da daddare, kuma da safe tana so ta ji ƙanshin ɗumame. Akwai kuma abin da ba za ta furta ba: tana so ta tabbata ɗanta yana cin irin abin da ta raine shi da shi, jikokinta kuma in Allah ya kawo su za su san hanyar gidan kakarsu ta baki. Da ta ce "ba a tuwo ne", tambayarta ke nan.

Na faɗa irin wannan ramin, shi ya sa nake gaya miki. Da muka dawo daga Kafanchan, mahaifin kawunki ya zo mana, ina ɗokin nuna abin da na koyo, na yi masa teba da miyar ganye ta sha manja da busasshen kifi. Ya sa hannu sau biyu, ya yi hamdala, ya wanke hannu. Bai ce komai ba. Can da dare na ji ya aiki yaro ya sayo masa fura. Na shiga ɗaki na yi kuka, don na gane dattijo ya kwana da yunwa a gidan ɗansa saboda ban tambaya ba. Kashegari tun da asuba na surfa dawa.

A ganina al'adarmu ta abinci ba a cikin sunan girki take ba, tana wajen rabo. A gidan da na tashi, in an kwashe tuwo, malmalar maigida da baƙinsa ake fara fitarwa zuwa zaure, sai ta tsofaffi, sai kwanon maƙwabciyar da ta haihu ko take jinya, yara su haɗu a akushi ɗaya babba ya bar wa ƙarami lomar ƙarshe, kuma ba a kankare tukunya sai an ajiye na almajiri da na wanda dare zai iya jefowa. Ba a ƙirga mutane a auna musu cif-cif. Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabtansa, iyayenmu kuwa da wannan suka rayu ko ba su san nassin ba. Tuwo ya dace da wannan tsari domin yana da auki, mudu biyu ya ciyar da gida, abin da ya kwana ya zama karin kumallo. In shinkafar Larabawanki za ta iya zagaya waɗannan kwanuka, to ta zama abincin Hausa. In kuwa tsadarta ta sa sai dai ku biyu ku rufe ƙofa ku ci, nan ne ta saɓa.

Shi ya sa ban damu da shawarma ko sambusa ba kamar yadda na damu da Indomie. Ba don daga Indunusiya ta fito ba, ai zogale ma daga Indiya yake. Damuwata yadda ake cin ta. Kowa ya dafa tasa leda a 'yar tukunya, a lokacin da ya ga dama, ya shige ɗaki da waya a hannu. Na shiga gidaje na ga yara huɗu, girki huɗu, ba wanda ya ce wa wani bismilla. Wannan ne baƙon da nake tsoro. Haka kuma dunƙulen Maggi, wanda asalinsa daga Suwizalan ne: ban hana ki sa shi ba, ni ma ina sawa, amma ya kori daddawa daga madafan 'yan mata har wasu na toshe hanci in sun ji ta. Miyar kuka ba daddawa ruwan kore ce kawai. Ga hawan jini da ya yi yawa a cikinmu, gishiri kan gishiri ba alheri ba ne ga tsoho.

Akwai kuma ranakun da ba a yi musu kwaskwarima. Mai jego kunun kanwa take sha, da gasasshen nama mai yaji. Buɗa-baki da azumi, ko me za ki jera, kunun tsamiya da ƙosai su fara sauka. Ranar sallah a yi tuwon shinkafa ko waina da miyar taushe a aika gidan surukai da maƙwabta. Daren cika-ciki a dafa da yawa kowa ya ƙoshi. A waɗannan ranaku mutane ba sabon abu suke nema ba, so suke su ji ɗanɗanon da suka ji bara da bara waccan, tare da waɗanda yanzu ba sa raye. Sauran kwanakin shekara kuwa naki ne, ki yi dafa-duka, ki yi faten doya, ki yi kuskus irin na mutanen Agadas, ki gwada duk abin da kika gani ya burge ki, muddin aljihun mijinki ya ɗauka.

Ga abin da za ki yi kafin ta koma. Da rana ki ci gaba da girke-girkenki, ki zuba mata kaɗan ta ɗanɗana, kada ki tsare ta da ido. Da dare ki tuƙa tuwo, mai laushi, ki bar shi ya turara sosai kafin ki kwashe. Miyar kuwa ki daka daddawa da albasa da ɗan barkono wuri guda, ki zuba a ruwan nama mai ƙashi, ki ƙara ɗan dakakken wake, ki bar su su dahu har ƙanshin daddawar ya kwanta. Sannan ki rage wuta ki riƙa barbaɗa kuka kina kaɗawa da maburgi, kada ki rufe tukunyar bayan nan, ki sauke ki sa man shanu soyayye. Mafi kyau ma, ki je ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ki nuna mini yadda kike yi wa ɗanki tasa miyar." Kowace uwa tana da wani ɗan sirri a miyarta, kuma ba abin da zai faranta mata kamar a roƙe ta shi. Ki bar mata malmala biyu don ɗumamen safe.

Ranar Asabar akwai mai zuwa wajenku, zan ba shi ƙullin kuka sabuwar daka, da daddawa, da kwalbar man shanu, da muciyar da na ce zan ba ki tun biki na manta. Ke kuma ki rubuto mini yadda kike wannan shinkafar, musamman kayan ƙanshin da busasshen lemon tsamin da ake jefawa ciki, da lokacin da ake sa kazar. Tun da na ci ta a Madina shekarar da na sauke farali ban sake samun wanda ya yi ta daidai ba, kuma ina so in dafa wa kawunki ranar Juma'a. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce ina nan tafe kafin ta tafi in Allah ya yarda.

Gwaggonki.