Amsoshin Tambayoyinku: Wace Manhajar Allon Bayanai Zan Saya?

Wani mai kamfanin rarraba kaya ya tambaya ko ya sayi Tableau, wata manhajar allon bayanai (dashboard, wato shafin da ke nuna alƙaluman aiki cikin zane a wuri ɗaya), tunda an ce masa da ita manyan kamfanoni suke aiki.

Malam, kada ka saya tukuna. Wannan tambaya tana ɓata mini rai, domin mutane suna biyan kuɗin lasisi alhali lissafinsu yana warwatse cikin fayilolin Excel barkatai, sunan kaya ɗaya an rubuta shi iri uku, kwanan wata kuma wani ya fara da rana, wani ya fara da wata. Allon bayanai ba ya gyara wannan. Abin da ka zuba masa shi zai zana maka, ya ƙawata shi har ka amince da kuskure. Ka fara tsabtace lissafin, ka tantance tambayoyin da kake son amsarsu kowace safiya, kamar kayan da suka kusa ƙarewa da bashin da ya wuce wa'adi. Daga nan ka gwada Looker Studio na Google ko Power BI Desktop na Microsoft, duka biyun ana farawa da su kyauta, sai dai na biyun yana bukatar lasisi idan za ka raba rahoto da abokan aiki. Ka kuma nisanci kwafin manhaja na sata, domin ta nan ɓarayin intanet suke samun kafar shiga kwamfuta.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce an ɗora mata tsara allo, tana tsoron kada ta ji kunya.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ki zauna da ma'aikatan jinya ki ji abin da suke dubawa. Allon ciniki yana iya jiran alƙaluman mako, amma na asibiti sai ya nuna gadajen da babu kowa da magungunan da suka yi ƙasa a daidai wannan lokacin. Kada sunan majinyaci ya fito a allon da kowa ke gani.

Wani kuma yana so in zaɓa masa launin da zai burge shugabansa. Ba na zaɓen ado. Ka dai sani cewa akwai maza da yawa da ba sa bambance ja da kore sosai, saboda haka ka riƙa haɗa launi da rubutu ko alama.